Wai ina maɓallan ƙasan tacfad suka tafi ne?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya kwana biyu yana ci na, na ce bari in kawo shi nan ko zan samu mai irin ciwona. Tsohuwar laftof ɗina ta yi min shekara tara, a ƙarshe dai ta ce ga garinku nan. Wurin aiki suka ba ni sabuwa. Siririya, ba nauyi, sikirin tas. Na buɗe murfi, na kai babban yatsa inda ya saba zama, sai na ji wayam. Babu maɓalli ko ɗaya a ƙasan faifan nan da ake shafawa, wato tacfad. Fili ne guda a shimfiɗe, wai shi ne linzamin, shi ne kuma maɓallin.

Aikina lissafi ne, a cikin Excel nake yini. A tsohuwar, babban yatsa zai danne maɓallin hagu ya zauna daram, manuniya ta ja kibiya daga layi na 2 har layi na 400. In faifan ya ƙare min, sai in ɗaga manuniya in koma sama in sake ja, babban yatsa yana riƙe da abin da na zaɓa. Ko kallon hannuna ba na yi. Yanzu da yatsa ɗaya zan danne in kuma ja, da na kai bakin faifan shi ke nan, ina ɗagawa ya saki. In na sa biyu, ɗaya ya danne ɗaya ya ja, wani lokacin ta gane, wani lokacin ta ɗauka dannan dama nake so, ta watso min jerin umarni a fuska. Jiya na ɗauko wata folda zan kai ta wani wuri, ta suɓuce a hanya ta faɗa cikin wata. Sai da na kusan rabin awa ina nemanta.

Ni ne na tsufa, ko da gaske abu mai amfani aka cire?

Hafsat:
Wa alaikumus salam Malam. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma sabo ne kawai. Ni da MacBook na fara, ban taɓa mallakar mai maɓalli ba, kuma in na ari kwamfutar da ke da su ji nake kamar an ɗaure min hannu. Faifan ɗan tsurut, kana shafawa sau uku kafin kibiya ta tsallaka sikirin. A nawa yatsa biyu in gangara shafi, in ware su hoto ya girma, uku in tsallaka daga wannan aiki zuwa wancan. Duk wannan fili yake buƙata, kuma filin da maɓallan suka ci ne aka ƙara wa faifan. Ka ba shi sati biyu.

Malam Habu:
Malama Hafsat, yau satina biyar.

Sadik:
Hhhh. Malam ka sayi mawus kawai ka huta. Wannan ai ba abin muhawara ba ne.

Malam Habu:
Ina da shi, Sadik, a kan tebur yana yi min aiki. Amma ita kwamfutar cinya sunanta ke nan. In kana ɗakin taro ba tebur, ko a kujerar jirgi, ko a mota kana jiran wani, a kan me za ka gangara mawus ɗin? A gwiwa?

Usman Mai Gyara:
Malam Habu ba tsufa ba ne, bari in gaya maka abin da ke ƙarƙashin faifan nan, don kusan kullum sai na kwance irinsa.

Maɓalli ɗaya tak ne a ciki. Wani ɗan ƙarfe mai ɗan tudu, bai kai ƙwayar maɓallin riga ba, yana can ƙasa a tsakiya. Shi kuma faifan an ɗaure shi daga sama kamar murfin akwati, gefen ƙasa ne kaɗai yake lotsawa. Shi ya sa in ka danna kusa da cikinka sai ka ji ƙas da sauƙi, a tsakiya sai ka ƙara ƙarfi, can sama kusa da kibod kuwa ko motsi ba zai yi ba. Gwada yanzu ka gani.

To tunda maɓallin ɗaya ne, kwamfutar ba ta san hagu ko dama daga gare shi ba. Abin da ta sani kawai an danna. Sai ta duba ina yatsa yake a lokacin, ko yatsu nawa ne a kai, ta yanke hukunci. Wato hasashe take yi. A tsohuwar taka babu hasashe: maɓalli biyu, kowanne da layinsa, ka danna na dama ko da gwiwar hannu ne, na dama ne.

Akwai kuma wani abu. Faifan ba nauyin yatsa yake ji ba, wutar jikinka yake ji, ta wasu siraran layuka da aka saƙa a ƙarƙashinsa. Yana lissafa tsakiyar inda fata ta taɓa. Da ka danne, tsokar yatsa sai ta baje, tsakiyar ta ɗan gusa, kibiya ta bi ta. Ka saita a kan abu, kana dannawa ta zame gefe. Masu ƙerawa suna sa manhajar ta yi watsi da wannan ɗan motsi, wasu sun iya, wasu ba su iya ba.

Malam Habu:
Allah ya saka da alheri Malam Usman. Na gwada yanzu, sama ƙam yake kamar dutse. Ashe ba hannuna ne ya lalace ba.

Injiniya Zainab:
Ku duk kuna maganar hagu da dama, ni na tsakiya nake kuka a kai. Duk mai zane a manhajar AutoCAD ya san da maɓallin tsakiya ake jan zane gefe zuwa gefe. A SolidWorks da shi ake juya abu a duba bayansa, haka a Blender. Ba danna-ka-saki ba ne, riƙewa ake yi ana ja. Faifan da ba maɓalli ta ina zai ba ka wannan? Blender dai akwai saitin da za ka riƙe Alt ka danna hagu ya zama tsakiya, amma ka ga hannu biyu ke nan a aikin da babban yatsa ɗaya yake yi.

Na taɓa tsayawa a wurin aiki, iska na kaɗawa, kwamfuta a kan hannun hagu, ana jira in nuna wa ma'aikata inda bututu zai bi ta bayan ginshiƙi. Safar hannu ce a hannuna, faifai bai san da ni ba, na cire da haƙori. Yatsa da gumi, kibiya sai rawa take. Mutum shida suna kallona ina kokawa da gilashi. Ran nan na rantse duk laftof ɗin da zan saya da kuɗina sai na ƙirga maɓallanta kafin in tambayi ƙarfin injinta.

Hafsat:
Anti Zainab, amma ko mai maɓalli ce ai faifan ba zai ji safar hannu ba.

Injiniya Zainab:
Gaskiyarki. Amma irin wadda nake nema har da ɗan jan tsinin nan na tsakiyar kibod take zuwa, shi turi yake ji, ba ruwansa da fata. Shi da maɓalli uku a ƙarƙashinsa, ko safar walda ka sa za ka yi aiki.

Baba Tanko:
Tunda an ambaci jan tsini, bari tsoho ya sa baki. Wannan faɗa da kuke yi ya girmi wasunku.

Laftof na farko-farko ƙwallo ake sa musu, ka mirgina da yatsa. PowerBook na Apple na 1991 haka suke, ƙwallo a tsakiya, maɓalli sama da ƙasa, duka biyun aiki ɗaya suke yi. A 1992 IBM ta fito da ThinkPad da wannan tsini, TrackPoint, aikin wani mai bincike Ted Selker, don kada mai buga rubutu ya ɗauke hannu daga kan haruffa. Faifan shafawa sai a 1994 ya shigo sosai, a PowerBook 500, da fasahar wani kamfani Cirque. Shi ma da maɓallinsa a ƙasa, guda ɗaya, don Apple tun Macintosh na 1984 maɓalli ɗaya suka yarda da shi. Ku lura da wannan. Su da ma ba su da hagu da dama da za su rasa. Da suka fito da MacBook mai faifan gilashi a ƙarshen 2008 suka ce faifan duka shi ne maɓalli, ɗaya suka narkar cikin ɗaya. Masu Windows da suka bi sahu, biyu ko uku suka cusa cikin ɗaya. Inda gizo ke saƙar ke nan.

Sai 2013, Lenovo, wadda ta sayi sashen kwamfutocin IBM tun 2005, ta fito da ThinkPad T440 da X240. Na kafin su maɓalli biyar gare su, uku a sama na tsini, biyu a ƙasa na faifai. Aka share duka biyar, aka bar faifai guda mai lotsawa gaba ɗaya. Masu ThinkPad suka yi ca. A 2015, a T450 da X250, ukun saman suka dawo. Har mutane suka riƙa sayen faifan T450 suna dasawa a T440, don ramin ɗaya ne. Biyun ƙasan dai ba su dawo a irin waɗannan ba, sai a manyan injinan zane irin P50, da suka zo da uku sama uku ƙasa.

Na kawo wannan ne saboda masu cewa an wuce wurin. An taɓa wucewa aka dawo da baya.

Usman Mai Gyara:
Baba ka tuna min. Na dasa wannan faifan da hannuna ba sau ɗaya ba. Wahalar ba a sukurori take ba, a direba take, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane faifan, sai ka lallaɓa Windows kafin ta yarda maɓallan suna nan.

Sadik:
To idan abin yana da kyau haka me ya sa duk kamfanoni suka bari? Ba za a ce duk wawaye ne ba.

Usman Mai Gyara:
Ba wawaye ba ne, lissafinsu daban ne da na Malam Habu. Maɓalli yana son zurfin da zai nutse, su kuma gasar sirantaka suke. Kowane maɓalli ƙarin kaya ne, ƙarin rami a jikin kwamfuta, ƙarin kafar da ƙura za ta shiga. Sannan mai saye a tsaye yake ganin kwamfuta, minti biyu, ya shafa faifai ya ji santsi, ya ga faɗi. Ba wanda yake jan layi 400 kafin ya biya. Ciwon sai an kai gida.

Amma in faɗi gaskiya kada a ce na goyi bayan ɓangare: maɓallan ma suna mutuwa. Na hagu ne kullum, ya lotse ya daina dawowa, ko ya riƙa danna biyu a dannawa ɗaya. Bambancin, a tsofaffi da yawa shi kaɗai za ka canza. Na yanzu in ya tafi, faifan duka ne.

Wani abu kuma da ya kamata kowa ya sani, ba na muhawara ba: a yawancin laftof batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan. In ka ga faifanka ya fara tauri, ya daina yin ƙas, ko gefensa ya ɗago sama da jikin kwamfutar, kada ka ƙara ƙarfi. Sau da yawa batir ne ya kumbura yake turo shi. Kashe ta, cire caja, kai ta a duba. Kuma in kibiya tana tsalle sai lokacin da kake caji kaɗai, cajar ce, ba faifan ba.

Ɗan Linux:
Mu masu Linux, maɓallin tsakiya ai rai ne a wurinmu. Ka zaɓi rubutu da kibiya, ka je wani wuri ka danna tsakiya, ya manne. Ba kwafa, ba komai. Wanda ya saba da wannan in ka raba shi da shi kamar ka cire masa haƙori ne. Ko a Windows ma, danna tsakiya a kan mahaɗa yana buɗe ta a sabon shafi, a kan shafin kuma ya rufe shi. Mutane da yawa ba su sani ba.

Abin da Malam Usman ya kira hasashe, a libinput, manhajar da ke kula da faifan a Linux, zaɓi biyu aka ba ka a fili. Ko dai a raba ƙasan faifan gida-gida, hagu, tsakiya, dama, inda yatsanka yake shi ne hukunci. Ko kuma a ƙirga yatsu: ɗaya hagu, biyu dama, uku tsakiya, ko'ina ka danna. Na farko matsalarsa iyakar ba ta jiyuwa, sai ka kalla. Na biyu matsalarsa babban yatsan da ya saba kwanciya a ƙasa, in manhaja ba ta gane shi ba sai ta ƙirga da shi. Ni na biyu na zaɓa, na koya wa babban yatsana zaman gefe. Ya ɗauke ni wata guda.

Malam Habu:
Ka ji inda nake. Na'ura aka yi don hannu, yanzu hannu ake horarwa don na'ura.

Hafsat:
Malam wannan magana tana da daɗin ji amma ba adalci a cikinta. Maɓallan ma ai horar da kai suka yi. Ba a haife ka da sanin dannan dama ba. Shekara tara kana abu ɗaya, dole ya zama kamar jikinka. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ba da kai nake ba.

Kuma duk bayanin Malam Usman na murfin akwati, tsohon zance ne a wurinmu. Tun 2015 aka fara yin MacBook da faifan da ba ya motsi kwata-kwata. Force Touch suke ce masa. Na'urorin auna nauyi ne a ƙarƙashi, da wani ɗan inji da ke buga maka ƙas a yatsa. Sama, ƙasa, kusurwa, duk ƙarfi ɗaya, kuma kai za ka saita taurin da kake so. In kana son shan mamaki kashe kwamfutar ka danna, gilashi ne kawai a mace. Ranar da na fara gwadawa sai da na kunna na kashe sau uku.

Baba Tanko:
'Yata, abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma masu Windows ma sun bi, Surface Laptop Studio a 2021, wasu bayansa. Dell a XPS 13 Plus na 2022 har iyakar faifan suka ɓatar, gilashi ɗaya daga gefe zuwa gefe. Wannan ya magance taurin sama. Bai magance abin da Malam Habu ya kawo ba.

Bari in ba ki misali da kaina. Hannuna na dama ya fara 'yar rawa, shekaru ne. In zan danna ƙaramin abu, sai in lallaɓa kibiya ta hau kansa, in ɗauke yatsa gaba ɗaya daga faifan, sannan in danna maɓalli. Kibiyar ba za ta motsa ba, don ba abin da ke taɓa ta. A faifan da shi ne maɓallin ba ni da wannan dabara. Wurin da zan danna shi ne wurin da ke jin rawar hannuna. Ba sabo ba ne wannan. Mai nuni daban, mai riƙo daban, aikin biyu ne, an ɗora wa yatsa ɗaya.

Hafsat:
Wannan kam ban taɓa tunaninsa ba Baba. Allah ya ƙara lafiya.

Baba Tanko:
Amin 'yata.

Sadik:
Ni fa har yanzu mawus.

Injiniya Zainab:
Sadik mun ji, Allah ya bar ka da mawus ɗinka.

Ɗan Linux:
Malam Habu, tunda kwamfutar ofis ce ba za ka iya mayarwa ba, ga abin da za ka gwada. Ka shiga saitin Windows, ɓangaren na'urori, ka nemi tacfad. In ka ga zaɓuɓɓuka da yawa na yatsa uku da huɗu, to irin Precision ne, tsarin da Microsoft ta kawo a 2013 don ta karɓe ragamar faifan daga direbobin kamfanoni barkatai. Akwai akwatin da ke cewa kusurwar dama ta ƙasa ta zama dannan dama. Cire alamarsa, ka bar taɓawa da yatsa biyu ta zama dannan dama. Rabin jerin umarnin da ke faɗo maka zai tafi. Taɓawa da yatsa uku kuma za ka iya mayar da ita maɓallin tsakiya, Anti Zainab, ko da yake na san ba ta riƙewa.

Sai babban: a tsohon akwatin saitin linzami akwai ClickLock. In ka kunna, ka danne na ɗan lokaci ka saki, kwamfutar za ta ci gaba da riƙewa. Ka ja, ka ɗaga, ka sake ja yadda kake so, sai ka ƙara dannawa ta saki. A Mac makamancinsa yana ɓangaren sauƙaƙa amfani, har da ja da yatsa uku.

Usman Mai Gyara:
Ka rage tsawon lokacin riƙon kaɗan-kaɗan har ya dace da hannunka. In ya yi gajere da yawa komai ka taɓa sai ya manne maka.

Malama Rabi:
Ni malamar makaranta ce, ina karantawa tun ɗazu. A Excel ɗin ai ba sai ka ja ba Malam. Danna gidan farko, gangara da yatsa biyu, riƙe Shift, danna gidan ƙarshe. Ko Ctrl da Shift da kibiyar ƙasa, ya zaɓe har inda lambobi suka tsaya. Haka nake haɗa makin ɗalibai. Folda kuma in ta suɓuce, Ctrl da Z nan take za ta dawo inda take.

Malam Habu:
Ikon Allah. Malama Rabi, da na san da wannan Z ɗin jiya. Ina amfani da shi a rubutu, ban san yana dawo da folda ba.

Sadik:
Rabin awa ta tafi a banza hhhh.

Malam Habu:
Jama'a na dawo da rahoto bayan kwana uku. Na cire kusurwar dama kamar yadda Ɗan Linux ya ce, jerin umarnin nan ya daina tsalle min sai jefi-jefi. Shift na Malama Rabi ya fi jan da nake yi sauri, wannan na yarda, ko da maɓallan sun dawo ba zan koma ja ba. ClickLock mun yi kwana ɗaya muka rabu. Ina tsayawa tunani da yatsa a danne ban sani ba, sai in ga rabin shafi ya bi ni.

Abin da bai gyaru ba shi ne faɗaɗa ginshiƙi. Sai ka ɗora kibiya daidai kan siririn layin da ke tsakanin C da D, ta rikiɗe ta zama mai kai biyu, sannan ka danne. Ina dannawa take zamewa, in zaɓi ginshiƙin duka. Sau uku, sau huɗu kafin in kama.

Malam Usman, cikin waɗanda ake yi yanzu, wacce ce har yau take da maɓalli na gaske? Ta gida zan saya.

Usman Mai Gyara:
Na sama, yawancin ThinkPad na jerin T har yanzu suna da ukun nan, kuma suna aiki da faifan ma, ba da tsini kaɗai ba. Sai dai hannu zai juya, manuniya ko ɗan tsakiya a maɓalli, wani yatsan a faifai, ko ka sa hannu biyu. Ka duba da kyau, don akwai irin Z13 da aka mayar da su zane a jikin gilashi. Na ƙasa kuwa sun yi wuya. Panasonic suna sawa a Toughbook, da Let's Note mai zagayayyen faifai da aka fi sayarwa a Japan. In ba haka ba sai tsofaffin Latitude na Dell da EliteBook na HP na ofis, waɗanda suka zo da sama da ƙasa. Kada ka yarda da hoto, layin da aka zana a faifai yana kama da maɓalli. Ka sa farce a tsakani, in bai shiga ba fenti ne.

Malama Rabi:
Ginshiƙin ma danna layin sau biyu, zai daidaita kansa da faɗin rubutun.

Malam Habu:
Sai na kama layin tukuna, Malama.